Hantar Mushe Magagi

Litinin, 19 ga Afrilu 1999

Tarin fuka ne. Majo Alhassan, babban ma'aikacin asibitinmu na Filinge, shi ya faɗa mini yau da safe. Wannan Alhassan ɗin ni na koya masa riƙe alli, yau ga shi yana ƙwanƙwasa mini ƙirji yana cewa in yi numfashi. Wata takwas zan yi ina shan magani. Idan na sha daidai zan warke. Idan na yi wasa, bai ƙarasa ba, ni na ƙarasa masa a zuci. Shekara huɗu ke nan da rasuwar matata Dijatu, ban yi niyyar bin ta da wuri haka ba.

Ya ja kunnena kan abu biyu. Na ɗaya, maganin yana da ƙarfi, wani lokaci yakan taɓa hanta, saboda haka in na ga idona ya yi rawaya in zo da gudu. Na biyu, doka ce kullum da safe wani ya tsaya a kaina ya ga na haɗiye ƙwayoyin, sannan ya duba bakina. Ni, Magagi! Shekara talatin da huɗu ina duba bakin 'ya'yan mutane a lakkol, wato makarantar boko, ko sun ɓoye magarya.

Kwana goma da sojoji suka sake karɓar mulki. Ƙasa ta samu masu tsaronta, ni ma an ce in nemo nawa.

Laraba, 21 ga Afrilu

Neman mai duba baki ya fi neman ruwa wuya.

Majo ya ce Haske, matar ɗana Issa, tunda shi yana Kwatano ita ce a gidan. Da aka gaya mata sai ta ja gyale ta rufe fuska ta shige madafa. Shekararta uku a gidan nan ba ta taɓa kallon idona ba, balle cikin bakina. Liman ya yarda, amma ya ce shi ya amince da ni, ba sai ya duba ba. Nan take Majo ya soke shi. Maƙwabcina tsohon ɗalibina ne, da na buɗe baki don gwaji sai ya miƙe tsaye ya harɗe hannuwa, ya ɗauka tambaya zan yi masa.

Majo ya ce saura mutum ɗaya a duk yankinmu na Kurfai da ba ya jin kunyata. Na san wa yake nufi. Na ce sam.

Alhamis, 22 ga Afrilu

Habsa ta zo.

'Yar kawuna ce, wato taubashiyata, kuma tun muna yara take amfani da wannan dama kamar an rubuta mata a takarda. Ganye da saiwoyi take sayarwa a kasuwar Lahadi. Mijinta ya rasu, bakinta bai rasu ba. Duk garin nan Mushe ake ce mini, yadda ake kiran malamin boko da faransanci, ita kaɗai ke kiran sunana tsirara.

Tun daga ƙofa take cewa, "Ina bawan nan nau da ka shirin mutuwa ba da izinina ba?"

Ta zuba mini ƙwayoyin a tafi, ta tsaya na haɗiye. "Buɗe. Ɗaga halshe." Ta leƙa, ta ce haƙorana irin na tsohon jaki ne. Na ji Haske tana tari a madafa, kuma ba tarin ciwo ba ne.

Wata takwas na wannan. Allah ka gani.

Litinin, 26 ga Afrilu

Maganin yana mayar da fitsari ja, har gumi ma. Majo ya gaya mini tun farko, ban damu ba. Amma Haske ta ga jan a wuyan farar rigata wajen wanki, ta kai wa Habsa, Habsa kuma ta yanke hukunci ba tare da ta tambayi kowa ba. Wai hantata ce ke narkewa tana fita ta fata.

Yau sai ga ta da tulu ƙarami, da dafaffen ganyen geza a ciki, wadda take tsinkowa a kan tudu. Ta ce, "Maganin nasara shina kashe tari, geza tana tsare hanta. Kowa da aikinshi."

Na tambaye ta ina hujja. Ta ce uwata ta sha geza ta kai tamanin. Na ce uwata ba ta taɓa shan maganin tarin fuka ba. Ta ce to ka gani.

Na yi mata bayanin yadda ilimi yake aiki, kusan rabin sa'a. Ta saurara tana sakace. Da na gama ta ce in ba zan sha geza ba, ita ma ba za ta duba baki ba, in je in bi layin masu tari a asibiti kullum. Na sha. Ba ta da ɗaci kamar yadda na zata, amma wannan tsakanina da littafin nan ne.

Lahadi, 2 ga Mayu

Na tuna wata tsohuwar mujallar kimiyya da ke cikin akwatina. A ciki masu bincike sukan ba ɓeraye ƙwaya mai yawa, rabinsu a haɗa musu da ruwan ganye, rabi a hana su, daga baya a buɗe a duba hantar. Haka ake gane gaskiya, ba da labarin uwar wani ba.

Haske ba za ta zauna gida ɗaya da ɓeraye ba, saboda haka na sayo kaji shida a kasuwa. Na tsaya wajen Abdu mai teburin magani na sayi farasitamol kati goma, don mujallar ta ce yawansa ma yana taɓa hanta. Abdu ya tambaya ko ciwon kai ne ya shiga gidan duka. Na ce bincike ne. Ya ce Allah shi sawwaƙe.

Zan nuna wa matar nan a fili cewa ganyenta shayi ne kawai.

Talata, 4 ga Mayu

An fara. Uku na ɗaura musu jan zare a ƙafa, su ne masu geza. Uku ba zare, ba geza. Dukansu suna samun gutsuren ƙwaya a cikin tsaki. Na raba akurki biyu da zana.

Habsa ta tsaya ta kalla, ta ce ashe tarin ya hau kai.

Juma'a, 7 ga Mayu

Gwiwoyina da idon sawu kamar ana buga ƙusa. Da ƙyar na yi ruku'u a masallaci. Ya kamata in gaya wa Majo, amma in Majo ya ji Habsa ta ji, in Habsa ta ji sai wani sassaƙen ya ƙaru. Na sha biyu daga cikin na kajin. Sauƙi ya samu.

Laraba, 12 ga Mayu

Zafi ya yi yawa, ko kajin baki buɗe suke yini. Ƙwaya biyu da safe bayan Habsa ta tafi, biyu da rana, biyu da yamma. Na wucin gadi ne.

Talata, 18 ga Mayu

Na koma wajen Abdu. Ya ce binciken yana cin magani. Yanzu nakan sha uku-uku, wani lokaci in ƙara kafin la'asar. Mutum mai ilimi ya san iyakarsa.

Kajin lafiyarsu lau, abin haushi. Wata marar zare har ta fara ƙwai.

Asabar, 22 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Yau ce ranar duba hanta. Da hantsi na yanka biyu, ɗaya mai zare, ɗaya marar zare, na fige da kaina, na buɗe, na ajiye kowace a kwanonta a inuwar rumbu na rufe da faifai. Ni ban san hanta mai kyau da marar kyau ba, sai na tafi kiran Kailu mahauci. Mutumin nan ya ga hanta fiye da duk wani likita a Yamai, da kallo ɗaya yake sanin akuyar da ta sha wahala. Na same shi yana tsakiyar fiɗa, na jira ya gama. Ya wanke hannu, ya sa hula, don ya ce aikin ilimi ba a zuwa masa kai babu hula.

Tun daga lungu na ji ƙamshin mai da albasa.

Ashe bayan fitata Mamman, mahaifin Haske, ya sauka daga motar garinsu Sanam, ya zo duba ni. Haske ta leƙa ta ga kaji biyu a yanke a fige. Me za ta ɗauka? Surukinta ya ji labarin zuwan ubanta, ya yanka masa har biyu. Yarinyar nan da murna ta soye su. Kuma kamar yadda ake yi wa babban baƙo, hanta da ƙundu ta fara kai masa ya taɓa kafin abinci.

Na tarar da shi a kan tabarmata yana lasar yatsa. Ya tashi ya riƙe hannuna da hannu biyu, idonsa har da ƙwalla. Ya ce, "Mushe, kana kwance ba lahiya, amma kaji biyu? Wanga karamci ba ni mance shi hal in mutu."

Me zan ce? Na ce ai ba komai.

Bayan an gaisa na daure na tambaye shi, a cikin hantar biyu wace ta fi kyau. Ya yi tunani sosai, don mutum ne mai gaskiya. Ya ce ɗaya kamar ta ɗan fi taushi. Na ce wace? Ya ce ai tare ya jefa su baki.

Kailu ya gyara zama ya ci cinya biyu. Ni kuwa na yini ina satar kallon Mamman, ina tuna ƙwayar da kajin suka ci kusan mako uku. Da la'asar ya ce abin mamaki, ciwon kan da ya taso da shi daga Sanam ya tafi. Ya ce albarkar gidan ce.

Lahadi, 23 ga Mayu

Habsa ta biyo da wuri kafin ta wuce kasuwa. Na gaya mata asarar da aka yi wa ilimi. Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi.

Da ta huta ta ce kada in damu, dama ba wani bambanci da zan gani. Tun ranar farko take zuba wa duka shidan geza in na shiga wanka. "Zalunci na, Magagi. Ka ba wasu magani ka hana wasu, suna kallo?"

Na yi mata bayanin dalilin da ya sa dole a hana wasu. Ta ce shi ya sa ba ta shiga lakkol ba.

Na kwance wa sauran zaren. Su je su yi rayuwarsu.

Alhamis, 27 ga Mayu

Ba na son abinci. Ko warin miya ya taso sai zuciyata ta tashi. Zafi ne.

Litinin, 31 ga Mayu

Ta ce in buɗe baki, sai ta tsaya ba ta kalli bakin ba. Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen rana. Ban taɓa ganin Habsa ta tsorata ba sai yau. Ta ce, "Tashi. Sa takalmi."

Ita kaɗai ke kallon fuskata a gidan nan, shi ya sa ita ta gani. Idona ya yi rawaya.

Asibiti cike, ranar awon jarirai ce, mata har bakin ƙofa, ƙofar kuma a buɗe saboda zafi. Majo ya ja fatar idona, ya danna cikina ta dama, na yi ƙara. Ya ce a tsayar da maganin tari yau ɗin nan sai hanta ta huce. Sannan ya tambaya, da ƙarfi yadda kowa ya ji, "Mushe, ban da ƙwayoyina, mi kake sha?"

Katin farasitamol yana cikin aljihuna a lokacin. Ina jin gefensa yana sukar cinyata. Ga tsohon ɗalibina a gabana, ga mata ashirin a bayana, rabinsu na koyar da su ko mazansu.

Na ce, "Geza. Ita ke tilasta mini kullum."

Majo ya ce to a daina komai, har gezar. Bai zarge ta ba, amma ba sai ya zarga ba. Na jira Habsa ta zage ni, in ji sanyi. Sai kawai ta gyara gyale, ta rako ni har ƙofar gida tana tafe a bayana, ta juya ta wuce.

Ban yi ƙarya ba. Na sha geza, kuma ita ta tilasta mini.

Talata, 1 ga Yuni

Ba ta zo ba. Dama babu ƙwayar da za a duba.

Na daina na Abdu. Gwiwa ta yi ta yi.

Lahadi, 6 ga Yuni

Kailu ya biyo daga kasuwa ya gaishe ni. Ya ce labari ya kai har Tabla da Bonkuku, wai ganyen Habsa ya mayar da Mushe ruwan ɗorawa. Yau yini guda ba wanda ya tsuguna gaban tabarmarta. Wata mata ma ta dawo da ƙullin sabara da ta saya makon jiya, ta ajiye ta tafi. Shekara ashirin Habsa tana zaune a gindin bishiyar nan ta kasuwa, da wannan tabarmar ta aurar da 'ya'ya uku.

Na ce mutane ba su da tunani. Kailu ya ce haka ne, ya daɗe yana kallon kajin.

Laraba, 9 ga Yuni

Tarin ya ɗan motsa yau da safe. Tsoro nake ji, bari in rubuta shi yadda yake. In hanta ba ta huce ba ba za a mayar da ni kan magani ba, in ba a mayar ba tarin zai dawo da ƙarfinsa. Ina tsakanin biyu, kuma ni na kai kaina.

Gidan shiru. Ba wanda ya kira ni jaki kwana tara.

Juma'a, 11 ga Yuni

Na dawo daga masallaci na tarar Haske ta share ɗakina har ƙarƙashin gado. A kan tabarmata, daidai inda nake zama, ta jera fankon katunan farasitamol, ɗaya kusa da ɗaya, a miƙe kamar ɗalibai ranar bincike. Ta ɗora ɗan dutse a kan kowane don kada iska ta kwashe.

Ta kawo fura ta durƙusa ta ajiye, fuska a ƙasa, ta fita. Yarinyar nan da ba ta iya kallon idona, yau ta wanke ni tas ba tare da ta buɗe baki ba.

Ban iya shan furar ba. Kunya ce, ba hanta ba.

Asabar, 12 ga Yuni

Na zuba katunan a leda na kai wa Majo. Wannan karon ni na rufe ƙofar.

Ya juye su a kan tebur, ya dube su, ya dube ni. Ya ce, "Mushe, da ni na yi wanga a aji, bulala nawa?" Na ce goma. Ya ce da sauƙi.

Ya yi mini bayani a tsanake. Maganinsa kaɗai yana iya taɓa hanta, balle an ɗora masa wannan tulin. Ciwon gwiwar ma daga maganin ne, da na faɗa da ya san abin yi. Na tambaye shi geza fa? Ya ce shi bai ga hujjar cewa tana kare hanta ba, kuma ba zai ce wa kowa ya dogara da ita ba. Amma kofi ɗaya da safe, rabin Kurfai suna sha, bai taɓa ganin ta kawo masa wani da rawayan ido ba. Abin da yake tsoro shi ne haɗe-haɗen da ba a gaya masa ba, na daji ne ko na tebur.

Na ce ya gaya wa mutane. Ya ce ba shi ya faɗa a gaban mata ashirin ba.

Litinin, 21 ga Yuni

Ido ya yi fari, alhamdulillahi. An mayar da ni kan magani, kaɗan-kaɗan. Ba mai duba baki, don haka ƙarfe bakwai ina layi a asibiti tsakanin wani makiyayi da wata tsohuwa daga Imanan. Tsohuwar ta tambaye ni ko na ji labarin malamin da ganye ya kusa kashewa. Na ce na ji. Ta ce wai har kaji ya haukata.

Lahadi, 27 ga Yuni

Na sa babbar riga na tafi kasuwa. Sau biyu na kewaya rumfar masu gishiri kafin ƙafata ta yarda.

Habsa tana zaune a gindin bishiyarta, kayan a jere, ba kowa. Ta rame. Na yi sallama, ta amsa wa iska. Na tsuguna na fara magana a hankali, ta ce ba ta ji. Na ƙara murya, ta ce kasuwa da hayaniya. Na gane abin da take so.

Na miƙe. Muryar da nake tara ɗalibai ɗari uku da ita a filin lakkol tana nan ashe. Na ce jama'a su saurara. Na ce ni ne Magagi, kuma ba ganyen Habsa ne ya sa ni rawaya ba, ƙwayar tebur ce na yi ta sha a ɓoye kamar gyaɗa, na ji kunyar faɗa, na ɗora mata. Na ce ita ce ma ta fara ganin ciwon ta kai ni asibiti. Har masu raƙuma sun juyo. Abdu ya sunkuya yana gyara abin da bai lalace ba a ƙarƙashin teburinsa.

Na ɗauka an gama. Habsa ta ce, "Kun ji bawana ya yi magana. To bawa aiki shika yi." Ta tashi daga tabarmar ta nuna mini wurin. Ta ce tana da gaisuwar da za ta kai, in kula da kaya, kuma in yi talla kada in zauna kamar gunki.

Ba a ƙin hukuncin taubashi a gaban jama'a, balle mai gaskiya. Na zauna. Na ce, "Geza." Wata mai sayar da garin kuka da ke gefe ta ce ko ita ba ta ji ba. Na ce, "Geza! Sabara! Ga geza!"

Tsofaffin ɗalibaina suka yi ta zuwa. Wani jandarma, wani direban mota, wani ma'aikacin gidan waya, kowa ya cire hula ya gaishe ni ya sayi ƙulli, ba wanda ya iya haɗa ido da ni. Wata ta tambaya ko gaskiya yana tsare hanta. Na ce ba a tabbatar ba tukuna, binciken ya samu matsala, amma yana da daɗi da safe, kuma duk abin da za ta sha ta gaya wa Majo. Ta sayi biyu.

Habsa ba ta je ko'ina ba. Tana rumfar mai goro tana kallona, ita da Kailu. Kafin la'asar tabarma ta koma wayam. Ta dawo ta duba, ta ce ƙullina ya yi girma, na cuce ta. Sannan ta miƙo mini kofi daga tulunta, na shanye a gaban kowa.

Litinin, 28 ga Yuni

"Buɗe. Ɗaga halshe. Juye aljihu."

An ƙara aljihu a cikin dokar.

Alhamis, 12 ga Agusta

Ruwa tun safe. Habsa ta zo a jiƙe da buhu a ka, ta zage ni kan zubar rufin zaure. Hatsi ya yi kyau bana. Na ƙara kilo huɗu.

Asabar, 2 ga Oktoba

Mamman ya aiko da rago daga Sanam, wai tukuicin kaji biyu. Ban san yadda zan yi da mutumin nan ba.

Laraba, 24 ga Nuwamba

Na je na jefa ƙuri'a. An ce sojoji za su koma bariki kafin ƙarshen shekara. Na gaya wa Habsa, ta ce su suka sani, ita ba ta ga ranar sauka ba.

Litinin, 10 ga Janairu 2000

An yi salla lafiya shekaranjiya. Yau Majo ya nuna mini sakamakon awon ƙarshe. Babu komai. Na warke, hanta kuma ta kai ni. Ya ce daga gobe ba ƙwaya, ba mai tsayawa a kaina, na zama ɗan kaina.

Na yi godiya ga Allah, na yi masa godiya. Na kai bakin ƙofa na dawo. Na tambaye shi ko yana da wata ƙwaya wadda ba ta cutarwa, irin ta ƙarin ƙarfi, wadda mutum zai iya sha ɗaya kullum da safe. Ya ce bitamin. Ya ce amma wannan ba ya buƙatar mai duba baki. Na ce ban tambaye shi ba.

Ya ba ni kwalba guda. Yaron nan har yanzu bai iya ɓoye dariya ba.

Alhamis, 13 ga Janairu

Kwana uku ke nan. Yau Habsa ta juya ƙwayar a tafinta ta ce wannan ƙarama ce. Na ce sabuwa ce daga Yamai. Ta ce, "Hal yaushe?" Na ce Majo bai yanke ba tukuna. Ta ce to, in buɗe. Ta duba baki, ta duba ido, ta duba aljihu, ta ce Allah shi ƙara sauƙi.

Da za ta fita ta tsaya wajen madafa. Na ji tana ce wa Haske, "Tun ran Litinin Majo ya gaya mini ya warke. Ki ƙyale shi. Gobe ina tahe."

Ban ji da kyau ba, akwai iska, kuma kunnena ba kamar da ba.

Na ce wa Haske gobe ta fito da kofi biyu, ta shimfiɗa tabarmar nan mai kyau. Gezar tana yawa a tulun, kuma zubarwa ɓarna ce.